Hutu ya zo, yara na son fita, maigida ya ce asarar kuɗi ce

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, ina da yara huɗu: babbar mace ce mai shekara 13, sai maza biyu masu shekara 10 da 6, sai auta ɗan shekara 2. Gida ɗaya muke da abokiyar zamana, ita tana da biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 7, kuma mahaifiyar maigida tana tare da mu. An ba da hutun zango na biyu, tun daga ranar kuwa ba abin da yaran nan suke yi sai faɗa a kan waya da zaman jiran a kawo wuta. Na kwashi adashe, na ware naira dubu 60 don in fitar da su su ga gari, har na yi musu alkawarin zuwa madatsar ruwa ta Tiga. Da na gaya wa maigida sai ya ce asarar kuɗi ce, ga rana, ga haɗarin ruwa, kuma za su rasa Islamiyya. Hajiya ma ta ce su a zamaninsu ba a yawon banza da yara. Abin da ya fi damuna shi ne, kuɗin nawa ne, amma idan na fita da nawa na bar na abokiyar zamana za a ce na nuna bambanci, idan kuma na ɗauke su ina tsoron kuɗin ba zai kai ba. Ina zan kai su, kuma yaya zan shawo kan babansu?

Maman yara huɗu, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su baki ɗaya. Niyyarki mai kyau ce, kada maganar kowa ta sa ki ji kamar kin nemi abin da bai dace ba. Yaran da aka kulle a gida cikin zafin bazara, babu makaranta babu wuta, dole su huce a kan junansu. Inda kika yi gaggawa wuri ɗaya ne: kin yi wa yara alkawarin Tiga kafin ki yi shawara da mai motar da zai kai ku. Yanzu idan ya hana, a idon yara shi ne mugu, shi kuma ya san haka, kuma ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya sa ya taurare tun daga farko.

Ki dubi dalilansa guda huɗu da idon basira, za ki ga uku gaskiya ne. A watan Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce. Tsoron ruwa ma ba daga sama ya faɗo ba, Kanawa ba su manta da jirgin ruwan da ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a ciki ɗaliban Islamiyya ne. Batun karatu kuwa haƙƙinsa ne ya kula da shi. Maganar asara ce kaɗai ban yarda da ita ba. Saboda haka idan za ki koma masa, kada ki sake cewa "ina so in fita da yara", domin wannan magana ba ta da kai ba ta da gindi a kunnen namijin da ke lissafin kuɗin mai. Ki zo masa da rana, da wuri, da ƙarfen fita da na dawowa, da abin da za a kashe, da wanda zai raka ku. Ki fara da amincewa da abin da ya faɗa daidai: "Baban yara, na yi tunani, gaskiyarka ce a kan rana da ruwa, shi ya sa na sauya tsari." Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, kuma ba a gaban yara ko Hajiya ba.

Tsarin da zan ba ki shi ne ki fasa tafiya ɗaya mai nisa, ki raba ta gida uku, kowacce fitar safe ce a cikin gari. A bar gida da ƙarfe bakwai da rabi ko takwas, a dawo kafin azahar. Abin da ke ɓata irin wannan fita a bazara ba ƙarancin kuɗi ba ne, makara ce. An ce za a fita takwas, sai neman takalmi da wankan auta da jiran shinkafa ta nuna su kai ku sha ɗaya, ku isa wurin daidai lokacin da rana ta take, kowa ya galabaita, a dawo ana kuka. Don haka kayan sawa da abinci da ruwa duk a haɗa tun da daddare. Ranar da ta fi dacewa ita ce Alhamis, domin yawancin Islamiyyoyi na hutu Alhamis da Juma'a, kin ga ƙorafin karatu ya kau, kuma wuraren ba su cika ba kamar ƙarshen mako. Juma'a ki guji cikin gari daga hantsi, hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da gidan Sarki kan cushe. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma akwai tsaftar muhalli da ke hana zirga-zirga da safe, ta cinye miki sa'o'in sanyin da kike nema.

Fita ta farko ki haɗa marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, ba su da nisa da juna. Ki fara da marina domin a fili take, sannan ki ƙare da gidan tarihi inda akwai inuwa da sanyin ginin ƙasa. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa rinin. Abin da zai tsaya wa yara a rai shi ne ganin yadda ake tsoma farin ƙyalle a ciro shi yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idonsu, a sake tsomawa har sai launin ya kai yadda ake so. Ki sa kowane yaro ya zo da farin hankici ko tsohuwar farar singileti, amma ta auduga zalla, domin yadin roba ba ya kama baba. Ku yi ciniki da marinin tun kafin a tsoma, ya nuna musu yadda ake ɗaure ƙyalle da zare don fitar da zane. Idan 'yan bugu suna aiki a kusa, ku leƙa su ga yadda ake dukan yadi da katako har ya yi sheƙi. Hattara ɗaya: rijiyoyin rinin suna da zurfi sosai, bakinsu daidai yake da ƙasa, wasu ma ba a amfani da su. Ba wurin da za a saki hannun ɗan shekara 6 ba ne, auta kuwa a bar shi gida ranar. Kuma kada a sa kayan Sallah, ɗigon baba ba ya fita.

Gidan Makama yana kusa da gidan Sarki, gini ne da asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Ki nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani da Hausa, ki tanadi ɗan abin da za ki ba shi a ƙarshe. In babu mai bayani, yara za su ratsa ɗakunan cikin minti goma su ce an gama. Kafin ku shiga ki ba kowanne aiki: wannan ya nemo sunayen ƙofofin gari biyar, wancan ya zano makami ɗaya a takarda, babbar ta riƙe waya ta ɗauki hoto inda aka ba da izini. Awa ɗaya ta isa, fiye da haka ƙananan za su fara zamewa a ƙasa.

Ta biyu gidan zu ne, wanda ke ɗauke da sunan Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko, kuma a zamaninsa aka buɗe shi a farkon shekarun 1970. Wannan kam har da auta. Ki aika wani kwana ɗaya kafin ranar ya tambayo ƙarfen buɗewa da kuɗin shiga na babba da na yaro, ku kasance cikin na farkon shiga, domin da rana ta ɗaga zaki da kura duk sai su shige inuwa su kwanta, yara su yi ta leƙen keji ba su ga komai ba. Wurin yana da faɗi, tafiyar ƙasa ce mai yawa, saboda haka takalmi mai rufi ko sandal mai maɗauri, ba silifas ba, kuma ki zo da zanin goyo. Ki kafa doka tun a gida: ba a zura hannu a keji, ba a jifan dabba, ba a tsayawa kusa da birai da abinci a hannu. Idan tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man zafi. Ki kuma sani cewa kuɗin shiga ba shi ke cinye aljihu a nan ba, lilo da hawan doki da masu hoto da masu askirim ne. Ki ba kowane yaro adadin da zai kashe a hannunsa, ki gaya masa idan ya ƙare ya ƙare.

Ta uku ta babansu ce, Dutsen Dala, ranar da ba ya fita kasuwa. Ki ce masa wannan ba za ta yiwu ba sai da shi, kuma gaskiya kika faɗa, domin a saman babu inuwa, gefen dutsen ba wurin wasan guje-guje ba ne, kuma ya fi kyau a je da namiji babba. Da an idar da sallar asuba gari ya yi haske a kama hanya, a hau ta matakala a hankali, kafin tara an sauko. Daga sama za su hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da yadda tsohon gari ya shimfiɗu, shi kuma ya ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda. Uban da 'ya'yansa suka kewaye shi suna tambayarsa "Baba ina gidanmu daga nan?" da wuya ya sake kiran abin asara. Idan a cikin yaran akwai mai sikila ko asma, a cire Dala daga lissafi, domin wahala da ƙishirwa na tayar da ciwon sikila, ƙura kuma na tayar da asma. A maye gurbinsa da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan da Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya fara makarantar boko a Kano a 1909.

To, alkawarin Tiga fa? Kada ki yi kamar kin manta, yara ba sa mantawa. Ki gaya musu gaskiya cewa zafi ya yi yawa, an ɗaga, kuma Baba ne zai sa rana. Idan fitar cikin gari ta yi kyau shi da kansa ya ga za a iya, tafiyar kimanin kilomita 70 ce ta hanyar Zariya. An kammala madatsar a 1974, ita ce ke shayar da gonakin rani na Kura da Kadawa, kuma a ganina ganin koren shinkafa da tumatir a tsakiyar bazara, da magudanan da ke kai musu ruwa, ya fi tsayuwa a bakin dam amfani ga yaro. A kai motar wajen bakanike kwana biyu kafin tafiya ya duba taya da safaya da burki da ruwan lagireto, domin tsohuwar mota a zafin Afrilu da tafasa take fara ba da kunya. Yara duk a baya, ba a ɗora kowa a cinya a kujerar gaba, kuma mota ɗaya ba za ta ɗauki dukkanku ba, sai an ƙara ta biyu ko an rage mutane. A tambayi wanda ya bi hanyar a makon halin da take ciki, a dawo kafin la'asar. Sharuɗɗa biyu ba sassauci a cikinsu: ba hawa kwalekwale, ba shiga ruwa ko da iya idon sawu ne. Ban da nutsewa, ruwan dam da na magudanan rani na ɗauke da ƙwayar tsargiya da ke fitowa daga katantanwa ta ratsa fata, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini.

Yanzu lissafi. Cikin dubu 60 ki cire dubu 12 ki ɓoye a wata jaka daban, na ko-ta-kwana ne, ba a taɓa shi sai larura. Saura dubu 48, kowace fita dubu 16 ke nan. Da yaran abokiyar zamanki da babba guda da zai taimaka miki, kun kai mutum bakwai ko takwas, wato Adaidaita Sahu biyu. Ki nemi wanda unguwa ta sani, ku yi cinikin shata kai da dawowa tun daren, ki karɓi lambarsa, kada ki biya duka sai ya dawo da ku. Tsayuwa a bakin titi da yara shida da ƙarfe sha biyun rana ana neman abin hawa shi ne mafi munin abin da zai same ku. Abin hawa shi zai ci kaso mafi girma, saboda haka idan maigida ya ba da mota ko ya zuba mai ko da a fita ɗaya ce, kuɗinki ya isa har da saura. Ki nemi wannan a wurinsa maimakon tsabar kuɗi, ya fi masa sauƙin cewa to.

Abinci daga gida za ki tafi da shi, amma ba kowane iri ba. Dafaffiyar shinkafa da miya, alale, fura da nono, kunun aya, duk suna saurin lalacewa a wannan zafi, awa ɗaya zuwa biyu a waje ya isa su juya, ki dawo da yara masu gudawa. A karya kumallo sosai a gida, a tafi da abin da ke jure rana: gurasa ko burodi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, lemon zaƙi da mangwaro da ba a yanka ba. Kankana sai an tashi sha a fasa ta. Ruwa kuwa, jaka ɗaya ta fiya wata leda 20 ce, kimanin lita 10. Ga yawanku, jaka ɗaya da rabi don safiya guda. Ki daskarar da rabi a firji tun dare, in babu wuta ki sayi ƙanƙara, ki jera a kula, su zama abin sanyaya sauran kayan, suna narkewa ana sha. Kada ki jira yaro ya ce yana jin ƙishirwa, duk rabin awa ki bi su da ruwa. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. A jakarki a samu sabulu ƙarami, buta, tishu, leda ta zuba shara da ta mai amai, kayan canji na ƙananan biyu, hula ko lema, filasta, da audugar mata saboda babbar, ko da ba ta tambaya ba.

Ki sa ido a kan yaron da ya yi shiru bayan yana ta surutu, ko ya ce kansa na ciwo, yana jiri, yana tashin zuciya. Zafi ne ya fara cin sa. A kai shi inuwa, a sassauta kaya, a jiƙa masa kai da wuya da hammata, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Ki sayi na ƙunshi a kyamis ki bi awon da aka rubuta a jiki, in babu ki haɗa da kanki: ruwa lita ɗaya, wato leda biyu, sukari cokalin shayi shida a shafe ba tuli ba, gishiri rabin cokalin shayi. Idan ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya kasa sha, ko ya suma, asibiti kai tsaye ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ma haka, lokacin sanƙarau ne. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko na minti biyar. Saboda ɓata kuma, ki ɗauki hoton kowannensu da kayan da ya sa kafin ku fita, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun ƙananan, ki haɗa su biyu-biyu, ki nuna musu bakin ƙofa a matsayin inda za a tsaya idan an rabu. Babbar 'yarki za ta taimaka, amma kada ki mai da ita mai raino tun fita har dawowa, ita ma hutun nata ne. Shi ya sa nake so ki samu ƙanwarki ko wata babba ta raka ku.

Maganar 'ya'yan abokiyar zamanki, ba wanda zai ce wajibi ne a kanki, kuɗinki ne. Sai dai yaran uba ɗaya ne, tsakar gida ɗaya suke wasa, kuma ɗan shekara 9 da aka bari a bakin ƙofa yana kallon 'yan'uwansa sun hau Adaidaita zai daɗe yana tuna ranar. Shawarata ki ɗauke su. Ki same ta ke da ita tun kafin yara su ji, ki gaya mata tsarin, ki nemi izininta a fili, ki tambaye ta ko akwai wani ciwo ko abincin da ba sa ci. Kada ki ambaci kuɗi. Idan ta ce me za ta kawo, ki ce ta ɗauki nauyin abin taɓawa ko ruwa, domin ita ma ta ji da hannunta a ciki. Idan ita ce za ta zama babba ta biyun da nake nema miki, ya fi komai. Idan kuma ta ce a'a, ki karɓa da fuska a sake, kada ki bi ta bayan fage ta wurin maigida, ki dai rino hankici biyu na ƙari a Ƙofar Mata ki kawo musu tsaraba.

Hajiya kuwa ba gardama za ki yi da ita ba. Ki roƙe ta ta riƙe miki auta ranar marina da ranar Dala, ki kuma ce yara su je su tambaye ta yadda kasuwar Kurmi da ganuwa suke a ƙuruciyarta kafin su tafi, in sun dawo su ba ta labari. Kalmar "yawo" ma ki daina amfani da ita a gabanta, ki ce za a kai su ganin tarihi.

Idan bayan duk wannan maigida ya tsaya a kan bakansa, kada ki fita a ɓoye, kuma kada ki sa yara su je su yi masa kuka. Ki nemi mafi ƙanƙanta, fita ɗaya tak, Gidan Makama, awa uku, da rakiyar wanda shi ya zaɓa. In ya ƙi wannan ma, ki tambaye shi cikin natsuwa ainihin abin da yake tsoro, domin wani lokaci ba kuɗin ba ne, kunyar a ce mace ce ta biya ce, ko wata damuwa ta kasuwa da bai faɗa ba. A irin wannan hali ziyarar 'yan'uwa ita ce ƙofar da ba a cika rufewa ba: gidan kawu mai lambu a bayan gari, ko goggo mai kiwo, ko ɗan'uwa maƙeri ko maɗinki da zai bar su su zauna su kalli aiki na safiya guda. Ki ajiye ragowar kuɗin zuwa hutun ƙarshen shekarar karatu, lokacin damina ta sauka gari ya yi sanyi, ki sake ɗaga maganar Tiga, wannan karon da shi za ki fara.